Takardar da Na Karanta wa Kaka

Jiya na tauna tsakuwa a cikin shinkafa da wake, wallahi sai da na ajiye cokali. Kakata ce ta faɗo mini a rai.

A gidanmu na Furfuri ita ke tsince wake, a gindin rumbu, faifai bisa cinya. Ko ƙwayar yashi ba ta tsere mata. Sai wata shekara bayan girbi muka fara cin karo da tsakuwa. Ta ce hayaƙin murhu ne ke damun idonta, ta ƙara yawan kwalli.

Da ma tana da ciwon suga. Kawuna ya kai ta asibiti Gusau, suka dawo da magani da 'yar takarda da Turanci. Ina aji huɗu na firamare, ni kaɗai ne ɗan boko a gidan. Aka kira ni tsakar gida, mata suka jingine taɓarya suka zagaye ni.

"Malamin gida, mi anka rubuta?" in ji Kaka.

Rubutun likita, kamar sawun kaza. Ko kalma ɗaya ban gane ba. Amma in ce ban iya ba, ga idanu a kaina? Na gyara murya na ce, "An ce ki sha magani, ki bar suga."

Ta sa mini albarka, ta ninke takardar ta jefa cikin kwalla.

Bayan damina huɗu, idon Kaka ya rufe. Sai da na gama sakandare na ci karo da takardar. Ashe cewa aka yi a dawo da ita wurin likitan ido kafin wata ya cika.

Kun san ciwon suga yana cin jijiyoyin bayan ido ba zafi ba ƙaiƙayi? Ni a waya na koya, ba wanda ya zaunar da ni. In an duba da wuri ana iya tare shi! Yanzu kawun ma ya kamu, duk shekara nake ɗora shi a babur zuwa Gusau a duba masa ido, yana ta mita.

Kaka na nan da ranta. In an kawo sabon magani takan miƙo mini, wani lokaci in ce, "Ban sani ba, bari in tambayo."

Sai ta yi dariya: "Af, bokon ya ƙare?"

Nakan taya ta dariyar. Har yau ban iya faɗa mata ba.