Shagunan Garanada da Azahar

A Riyad na girma, inda shaguna kan rufe idan an kira salla. Da jami'armu ta tura ni karatun zango ɗaya a Garanada ta ƙasar Sifen, na fita sayen burodi da azahar, na tarar ko'ina a rufe. Har ƙwalla na yi. Na kira Baba na ce, "Wallahi Andalus ba ta mutu ba!"

Na zauna bakin shago ina jiran a sallame, har la'asar. Sai ga mai shagon yana hamma, da shatin filo a kumatu. Ashe barci garin yake yi.

Da na dawo, Baba ya so jin me na koyo. Sai da ya jira la'asar na farka.