Adakar Yaya Dogo

Kada ka kuskura ka ce wa Kawu akwati yake ƙerawa. Sai ya ajiye guduma ya dube ka sheƙeƙe.

"Akwati? Je ka kanti. Ni adaka nake yi."

A wajensa akwati na ɗan kwana biyu ne. Adaka kuwa ta ƙarfe ce, mai marfi mai nauyi da wurin saka kwaɗo, wadda mutum zai zuba duk abin da ya mallaka ya zauna a kai. Na taɓa tambayarsa inda sunan ya samo asali. Ya ce shi dai ya ji fatake ne suka zo da shi daga bakin teku, in ina son ƙarin bayani in bi su can. Haka Kawu yake, bakinsa ba daɗi.

Shekara arba'in ya yi a rumfarsa ta bayan tasha, cikin ƙara da warin fenti, har kunnensa ɗaya ya mutu. Kowace adaka ya gama, sai ya buga ɗigo uku a cikin marfin. Ta ɗansa tilo, Yaya Dogo, ya buga biyar, ranar da zai tafi neman aiki. Makullin ma da hannunsa ya rataya masa a wuya.

Wasiƙa biyu ta zo, daga nan shiru.

Tun daga lokacin Kawu ya koma gyaran tsofaffin adaka. Mutane suka ce tsufa ne. Tsufan me! Ni da nake kai masa abinci na san abin da yake yi. Duk wadda aka kawo, marfin yake fara ɗagawa ya shafa ciki. Shekara goma sha ɗaya yana wannan shafar.

Wata hantsi ina zaune wata mata ta sauke adaka, an shafe ta da shuɗin fenti, marfin ya saki. Kawu ya zura hannu. Na ga hannun ya tsaya a kan ɗigo biyar.

"Baiwar Allah, ina kika samo ta?"

"A gwanjo na saya, Baba, tun ban haifi na biyu ba. Lafiya?"

Ya juya gaban, ya kankare fentin wurin kwaɗon da farce. Ƙarfen ya lanƙwashe waje, an taɓa ɓalle shi da ƙarfin tsiya aka daddaƙe.

"Mai ita ba ya fasa ta," ya ce da ni a hankali. "Yana da makulli."

Wallahi na so ya yi ihu, ko ya riƙe adakar ya hana. Na fashe da kuka, matar tana ta ba ni haƙuri ba ta san na mene ne ba.

Kawu ya gyara marfin tsaf, ya miƙe wurin kwaɗon. Ya tambaye ta me take ajiyewa a ciki, ta ce kayan yara. Ya ce to madalla, ya taya ta ɗora ta a ka.

Da ta sha kwana ya ce, "Je ki kira min gwaggonki, uwar Dogo. Ki ce ta zo, ta bar girkin."