Malam Kabiru da ya koya mini "sannan"

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan labarin ya riske ni, kuma ba kirana aka yi ba. Na buɗe WhatsApp ne kawai, sai ga hoton gawar Malam Kabiru a gurup, kwance a bakin hanya, ko mayafi ba a rufa masa ba.

'Yan bindiga ne suka tare shi jiya da rana tsaka tsakanin Safana da Babban Duhu. Ya je Zakka gaida mahaifiyarsa, yana dawowa a babur.

Raina a ɓace yake, ba zan ɓoye muku ba.

Ga waɗanda ba su san shi ba, malamin lissafi ne a wata sakandare a Safana, ɗan asalin Zakka. Shi ya koya wa kansa R, yaren kwamfutar nan da ake sarrafa bayanai da shi, a wata tsohuwar laftof da batirinta ya mutu tun tuni. Duk Asabar yakan zo Batsari mu zauna a shagon cajin waya, ya koya wa duk mai so. Kyauta.

Ni malamin gona ne. Lokacin da na fara zuwa, bayanan ruwan sama da na amfanin gona ne suka dagule mini. Duk gyaran da na yi sai in ajiye shi da sabon suna: data1, data2, data_final, har da data_final_gaskiya. Da Malam ya gani, dariya ya yi har da riƙe ciki.

Ya ce, "Nasiru, ka taɓa ganin Inna ta sa wa gero sabon suna bayan sussuka, ta sake sa masa wani bayan surfe? Daga turmi sai faifai, daga faifai sai niƙa. Aikin ne ke tafiya."

Sai ya buga wata 'yar alama, |>, ya ce pipe ake kiranta, amma ni in riƙa karanta ta da "sannan". Ɗauko bayanan, sannan ka tace na ƙauyen Yasore, sannan ka raba su wata-wata, sannan ka fitar da matsakaici. Abin da layin sama ya gama, shi yake miƙa wa na ƙasa. Na karanta daga sama har ƙasa kamar ina magana da mutum. Ranar na fara gane abin da nake bugawa.

Bai taɓa karɓe mini laftof don ya gyara da kansa ba. Sai dai ya ce, "Goge layin ƙarshe ka gwada. Yana aiki? To, matsalar ba a sama take ba." Haka zai zauna yana ɓare gyaɗa har in gano da kaina.

Haɗuwarmu ta ƙarshe ranar kasuwar Batsari ce. Ya saya mana fura, ya hana ni ko taɓa aljihu. Yana ta murna wai 'yan mata daga ajinsa sun ce su ma za su fara zuwa. Na ce, "Malam, hanyar nan fa, a ɗan rage bin ta." Ya ce, "Tsohuwa tana can, Nasiru. In ban je ba wa zai je?"



Waɗanda suka harbe shi, na bar su da Allah. Mutumin da ko kaza ba ya iya yankawa! Jami'an tsaron da aka yi ta kira ba su iso ba sai da komai ya lafa, su ma akwai ranar tambaya.

Amma ku da kuka tsaya a kansa kuka ɗauki hoto, da ku nake. Kun san yadda matarsa ta ji? A status ɗin wani ta gani. Tana tsakar gida tana jiransa da abinci, ta gane shi da rigar da ta goge masa da hannunta. Babu dattijon da ya samu damar yin sallama ya zaunar da ita ya faɗa mata a hankali. Kun riga kowa. Me kuka samu? Wane ne ya ba ku lambar yabo?

Har da masu rubuta "Allah ya jiƙansa" a ƙasan hoton, su kuma tura shi gaba. Wallahi wannan ba ta'aziyya ba ce.

'Yarsa Asiya tana da waya. Don girman Allah, duk mai hoton nan ya goge shi yanzu, kafin ya gama karanta wannan. In hotonsa kuke so, ina da wanda yake dariya a shagon caji, ku tambaye ni.

Ya Allah, ka jiƙan Malam Kabiru, ka karɓi shahadarsa, ka haskaka kabarinsa. Ka sa abin da ya koyar ya zame masa sadaka mai gudana. Ka ba tsohuwarsa da iyalinsa haƙurin da ni na kasa samu yau, ka kawo mana ƙarshen wannan bala'i.

Kai da ka karanta, kada ka tsaya a danna alamar kuka. Ajiye wayar, ka yi masa Ƙulhuwallahu, ka ambaci sunansa a sujadarka.