Kwalayen Bari-mu-gani

Sunan da 'yan layin masu kayan gyaran mota suka laƙa masa ke nan, Bari-mu-gani, kuma ya ci sunansa. Mutum ne mai kirki, ba ya ha'inci, sai dai in aka ajiye masa abu biyu aka ce ya ɗauki ɗaya, an gama da shi. Fentin shagonsa har yau rabi shuɗi ne rabi fari, yana jira ya ga wanda zai fi kyau.

Wani ɗaki a gidansa cike yake da kwalayen takardun shago: rasitai, takardun odar kaya, yarjejeniyar haya, tun daga ranar da ya buɗe. Da ƙafa ta fara gagarar mahaifiyarsa, aka ɗauko ta ta dawo wurinsa. Ɗakin nata ne, in an kwashe. Kafin nan aka shimfiɗa mata katifa a falo, inda jikoki ke tsallake ta in za su kunna talabijin.

'Yarsa babba ta kawo na'urar sikanin, ta ce a ɗauki hoton takardun a adana a intanet, a rabu da kwalayen. Da ta tsaya nan da an huta. Sai ta ƙara da cewa, "Baba, wane irin hoto za a sa? JPEG ba ya cin wuri amma yana ɗan dusar da rubutu. TIFF ba ya zubar da komai amma nauyi gare shi. PNG kuma yana tsakiya."

"Bari mu gani," in ji shi.

Rasit ɗaya ya ɗauka, ya yi shi kala uku. Ya riƙa yawo da waya yana nuna wa kowa. Mai walda ya ce na farko, mai taya ya ce na ƙarshe, shi kuwa ya ga kowa da gaskiyarsa. Matarsa ta ce, "Maigida, ni da aka ba ka ni kaɗai ka yi sa'a. Da da ƙanwata aka haɗa, da har yanzu kana zaure."

Ya yi dariya, amma kwalayen ko gezau.

Wata rana da la'asar ya tarar da tsohuwa zaune a bakin katifa tana laluben takalminta, wanda yara suka shure ƙarƙashin kujera. Ya ciro mata, ya durƙusa, ya miƙa mata wayar.

"Inna, ke ma duba mana. Wanne ya fi fita?"

Ta kai wayar dab da hanci, ta daɗe tana kallo. Ya buɗo mata na JPEG ɗin, ya ƙara girmansa har haruffan suka yi dishi-dishi.

"Wannan ne mai dusashewar?"

"Shi ne, Inna."

"To ai haka nake ganin fuskarka yanzu," ta ce, tana shafa kumatunsa. "Bara ta fi haka fita. Ka yi a hankali, ɗan nan, ba sauri nake ba. Na dai so in ga ɗakin ne."

Kunya ta kama shi, irin wadda bai taɓa ji ba. Ya miƙe ya ƙwala wa 'yarsa kira.

"Sa PNG."

"Baba, ka tabbata? Ko mu ƙara..."

"Sa, na ce!"

Ya sunkuci kwali na farko da kansa. Matarsa ta buɗe baki za ta tambaye shi kalar labulen ɗakin, ta dube shi, ta fasa. Ta je ta sayo ja mai haske sosai, wanda Inna za ta iya gani.