Zanen Ƙasan Akwati

Shekarar da aka karya darajar kuɗin sefa ina koyarwa a wata lakwal, wato makarantar boko, a Gure, maigidana kuma yana aikin asibiti. Dukanmu baƙi ne, daga yamma aka turo mu. Atamfa ta yi tsadar da sai dai mu gaisa da ita a kanti mu wuce. Ni kuwa Allah ya yi ni da son gayu, ban taɓa ɓoyewa ba. Gara in ci miya ba nama da in shiga aji da kayan da yara suka haddace.

Ran kasuwa nakan tsuguna gaban masu gwanjo in tsinci dogayen riguna marasa ado, in sayi yadi mafi araha falle ɗaya. Sai dai komai ka yi da su, kayan nan suna faɗin kuɗinsu tun daga nesa. Wata ranar Lahadi ina zazzage akwatin da Inna, mahaifiyata, ta shirya mini lokacin aure, sai na ga wani tsohon zanen saƙi shimfiɗe a can ƙasa. Baƙi ne mai ratsin fari, ya sha wanki har ya yi laushi. Na ɗauka ta shimfiɗa shi ne don kada tsatsar akwati ta taɓa kayana. Ba ta ce mini komai a kansa ba, ban kuma yi mamaki ba. Ni ce 'yar fari, Inna ko sunana ba ta faɗi, balle ta zaunar da ni ta yi mini bayanin zane.

Na kai shi wurin wani tsohon tela da ke da rumfa a bakin kasuwa. Na ce ya yayyanka mini shi, ya bi wuyan riguna da hannuwa da bakin zannuwa.

Ya daɗe yana jujjuya zanen. Saƙi dai layi-layi ake saƙa shi, kowanne kamar faɗin tafin hannu, sannan a haɗa su da allura.

"Madam, ni ba na sa wa saƙi almakashi," in ji shi. "In kina so in farke ɗinkin, in ba ki layi-layi. Abin da ya yi saura in naɗe shi ta ciki."

"Baba, ai zai yi tudu."

"Zai yi."

Na yi ta magiya, har na ce akwai teloli a garin ba shi kaɗai ba. Ya miƙo mini zanen ya ce ga hanya nan. Na tsaya ne kawai don ɗinkinsa ya fi na kowa kyau, amma a raina na ce tsufa ne ya zo masa da taurin kai.

Abin ya yi kyau fiye da yadda na zata. Rigar gwanjo ruwan toka, da ya sauko mata da layin saƙi daga wuya har ƙasa, sai ta zama kamar daga wata ƙasa aka aiko mini. Farin yadin nan mai araha ya samu baki mai nauyi, yana faɗuwa da kyau. Malamai 'yan'uwana mata suka fara tambaya a ina na samo. Nakan ce, "Ai tsohon abu ne," ina wani kawar da kai, alhali daɗi kamar ya kashe ni. Naɗin da ke ciki yana gugar mini haƙarƙari, kullum sai na tuna da tsohon in yi tsaki. Wata abokiyar aikina ta nace, na ba ta layi ɗaya da ya rage. Ba a jima ba aka mayar da ita Alakoss, ta tafi da shi.

Da cikina ya kai wata bakwai, gwaggona ta zo duba ni. Muna zaune a tsakar gida da hantsi tana gyara mini zogale, sai ta ce, "Uwarki ta ce in za ki taho gida wankan jego, ki taho da zanen nan."

"Wane zane, Gwaggo?"

"Saƙin da ke ƙasan akwatinki mana. Da shi kakarku ta goyi uwarki, da shi uwarki ta goye ki. Ɗan fari kaɗai ake goyawa da shi, sai a ninke a ajiye. Ba ta faɗa miki ba?" Ta yi dariya. "Ina fa za ta faɗa."

A lokacin layi biyu na zanen suna jikin rigar da ke wuyana. Na ja mayafi na rufe ƙirjina duk da zafin da ake yi, na ce to. Kunya na ji, da tsoro. Ban ji tsoron faɗa ba, Inna ba ta faɗa. Na san shiru za ta yi ta tashi ta shiga ɗaki, ni kuma ba zan taɓa sanin iyakar abin da na yi mata ba.

Gwaggo na hawa mota na kwashe rigunan duka na zube su gaban tela. Na faɗa masa komai, ina jiran ya ce ai ya gaya mini. Bai ce ba. Ya ɗauko reza ya fara farkewa, yana warware naɗin nan da na yi ta zagi, layukan suna fitowa da tsawonsu, ko zare ɗaya bai gutsure ba.

"Keke ba zai haɗa shi ba," ya ce. "Da hannu aka yi, da hannu za ki mayar. Zauna in nuna miki."

Na aika Alakoss ta hannun wani direba. Sai bayan sati biyu amsa ta dawo: ƙawata ta kai nata wurin wani tela, ya yanka shi gida shida ya yi mata ado a aljihu. Na yi kuka sosai ranar. Tsohon ya ce in na bar zanen da giɓi zai yi kaɗan, ba zai riƙe yaro ba. Ya auna, ya yanko layi daga wani sabon baƙin yadi, ya ce in sa shi a tsakiya inda bayan jariri zai rufe.

Sauran kwanakin da rigunan gwanjo tsirara na riƙa zuwa lakwal, ga sawun allura a jikinsu. Aka yi ta tambaya ina ado ya tafi, na ce ciki ya hana. Da la'asar in zauna in yi ta soka allura, ina soke yatsa.

A gidan iyayena na haihu, mace. Kwana biyu bayan suna Inna ta shigo ɗakin da nake jego, ta ce wa bango, "Ina zanen?" Na ciro shi na miƙa, ban ɗaga kai ba.

Ta baza shi a cinyarta tana bin layukan da babban yatsa. Da ta iso kan sabon ta tsaya.

"Wa ya yi wannan ɗinkin?"

"Ni ce, Inna."

Na buɗe baki zan fara bayani, ta ɗaga hannu. Ta zaro allura daga ɗankwalinta, ta sa haƙori ta tsinke zarena. Na ce shi ke nan, cire shi za ta yi. Sai na ga ta daidaita sabon layin da na kusa da shi, ta fara mayar da shi da ƙananan ɗinki, a matse.

"An yi tazara," ta ce. "Yaro nauyi gare shi."

Da ta gama ta kamo hannuna, abin da ban tuna ranar da ta taɓa yi ba, ta ɗora yatsana kan wani layi can gefe. Na yi wata da watanni ina yawo da shi a hannun riga, ban taɓa lura shuninsa bai kai na sauran ba, zarensa kuma na kanti ne.

"Wannan ma ba na kakarki ba ne," ta ce.

Ta saki hannun, ta miƙe ta duƙa, ta ce in ɗora mata yarinyar a baya.