Ranar Ƙarshe ta Katin Yawo

"Malam, ni dai ba ni sabka."

Haka uwargidana ta ce da jirgin ruwan ya tsaya a gaɓa, alhali har na miƙe na gyara hula.

A Istambul muke, wajen ɗanmu mai karatu. Shi ya saya mana katin yawon buɗe ido, wanda da shi ake shiga gidajen tarihi, a hau bas, a hau jirgi. A ranar wa'adinsa zai cika, ga fadar tsoffin sarakuna ba mu gani ba, kuma da la'asar ake rufe ta.

Na ce, "Hajiya, ba mu baro Anka don kai-komo a kan ruwa ba. Za a rufe ƙofa."

Ta ce, "A ruhe. Tun da ka ɗauko ni daga Gummi, ƙeyarka nike kallo bisa babur. In mota munka shiga, kana gaba da direba, ina baya da kaya. Nan kau ga ni ga ka, kujera guda. Mi sarakunan da sunka mutu za su ba ni?"

Sai na koma na zauna. Jirgin ya juya da mu, muka yi ta ƙetarawa har magariba.

Har yau ban ga fadar ba, ban kuma yi nadama ba. Ku magidanta, yaushe rabonku da zama gefen iyali a hanya?