Ɗalhatu Mai Walda da Akwatin da Zafi Ya Kashe a Sama

Raina mutum don ba shi da takardar makaranta mugun ciwo ne, ga kuma ɓarnar da ya yi a Al Quoz, wata unguwar masana'antu a ƙasar Larabawa.

Kullum in ya idar da asuba, Malam Ɗalhatu yakan hau motar ma'aikata daga unguwar Abu Hail zuwa wani kamfani da ke can. Gyaran firji ya koya a Kano. A nan kuwa shekara goma sha huɗu ya yi yana waldar siraran bututu masu janye zafi daga cikin na'ura. Abokan aikinsa sun shaida, ko ɗaya bai taɓa yoyo ba.

A 2019 kamfanin ya samu aikin wani akwatin awo da za a liƙa a bayan tashar sararin samaniya. Shugaban aikin, Injiniya Mubashir, ya kunna shi a ɗaki mai esi, ya dafa, ya ji sanyi ƙalau.

Ɗalhatu ya ce, "Injiniya, iskar ɗakin nan ce ke yi mana aiki. Kai da bakinka ka ce can sama babu iska. To wa zai yi masa fifita? Bututu ɗaya bai isa ba. A sa shi a tankin da ake zuƙe wa iska mu gani."

Mubashir ya yi dariya. "Baba, wannan ba firjin mai ƙanƙara ba ne. Khalas, magana ta ƙare! Yalla, maza a naɗe shi."

Aka kawo takarda mai cewa an yi gwajin tanki, alhali ba a yi ba. Ɗalhatu ya ƙi sa hannu. Ba a yi wata ba aka ce ya tsufa, ba za a sabunta masa biza ba. Ya goge kayan waldarsa, ya jera wa na baya, ya fita. Ko sannu ba wanda ya ce masa.

Ɗalhatu, kai ne ka san zafi ba ya tafiya sai an yi masa hanya. Kai ne ka yarda ka rasa abincinka da dai ka sa hannu a ƙarya. Mun gode, Ɗalhatu, ko da yake godiyarmu ba ta mayar da kai bakin aiki ba. Yau yana Kurna a Kano, idanu sun fara dushewa, ba mai neman iliminsa. Samari, ku yi koyi da shi, in da sauran mai ji. Ni dai ban ga alama ba.

Akwatin kuwa an harba shi. Kwana tara ya yi, zafi ya kashe shi. Mubashir ya rasa wahalar shekara uku, ya rasa kujerarsa, ya rasa ma'aikata goma sha ɗaya da aka sallama saboda shi, ya kuma rasa mutum ɗaya tak da ya taɓa gaya masa gaskiya.